Awa Ɗaya a Ƙofar Ruwan Baba Ilu

Duk wanda ya leƙo shagona a Tudun Wada ya same ni gaban kwamfuta, fanka na kaɗawa, ga kofin shayi a gefe, sai ya ce ai Habu ya huta. Ku ma masu zuwa koyo haka kuke gani, ba sai kun faɗa ba. Ran nan ɗayanku ya leƙa abin da na rubuta ya ce, "Oga, ashe 'yan layukan nan ne kawai? A ɗauki lamba a tura, shi ke nan?" Na yi dariya har shayi ya kusa ƙware ni. Gaskiya ne, layukan ba su da yawa. Allura ma ba wata girma gare ta ba, amma ba kowa ke aikin babbar riga ba.

Sana'ata ita ce in dasa na'ura ta auna abu, ko tsayin ruwa, ko zafi, ko danshi, sannan in rubuta manhajar da za ta kwashi awon ta kai shi rumbun bayanai ta intanet. Rumbun ba nawa ba ne, na haya ne. Masu shi na can wata ƙasa, su ke kula da injinansu, ni nawa in zuba in ɗiba. 'Yan sana'ar kan ce yana cikin gajimare, amma kada ku ɗaga kai sama, kwamfutocin wasu ne a ɗaki mai sanyi. Irin rumbun da nake aiki da shi yana jera komai ne bisa lokaci, awo bayan awo. Don haka kowane awo sai ya tafi da amsar tambaya huɗu: me aka auna, a ina, nawa aka samu, kuma yaushe. Ukun farko kowa zai iya. Ta huɗun ce ta kusa raba wani dattijo da mutuncinsa, kuma ni ne sila. Zan zo kan wannan.

Ni da gyaran rediyo na fara, shi ya sa har gobe ake ce mini Habu Rediyo. Da rediyo ya ja baya na koma gyaran waya. Ina cikin wannan aka kawo wani shiri na taimaka wa manoman rani a ƙasar Bebeji, aka ce ana neman wanda ya iya liƙa waya da dalma. A nan na haɗu da Injiniya Rakiya, 'yar Kiru, wadda ta koya mini duk abin da nake taƙama da shi yau. Na girme ta nesa ba kusa ba, tana ce mini Yaya Habu, amma in an zauna kan aiki babu yaya babu ƙanwa.

Manhajar farko da na rubuta da kaina ta tura awo ya shiga rumbu, na ga lambar ta fito a allo, na miƙe tsaye ina tafi kamar an yi mini haihuwa. Injiniya ta matso kusa. Ta miƙa hannu ta zare sim ɗin na'urar, ta riƙe shi tsakanin yatsu biyu.

"To Yaya Habu, yanzu fa?"

"Yanzu ai babu sabis."

"A bakin magudana kuma sabis ɗin gidanku ne? Ina awon da aka yi tun da na zare?"

Na duba, babu shi, ya bi iska. Ranar na koyi cewa na'ura sai ta fara ajiye awonta a ɗan katin memori, in sabis ya dawo ta tura. Kuma ba ɗaya-ɗaya ake turawa ba, tarawa ake yi a ɗaure dami guda, don wanda zai kai hatsi kasuwa ba ya zuwa da zangarniya ɗaya ya dawo ya ɗauki wata. In an tura ba a ji amsa ba, a dakata kaɗan a sake, in an sake ba a ji ba, a ƙara tsawon jiran. Abin da ta fi nanatawa shi ne karanta amsar rumbu. Takan ce, "In ya ƙi karɓar awo yakan faɗi dalili, mutane ne ba sa karantawa." Sai da ta zaunar da ni mako guda a bakin magudana da sanda mai zane da littafi, ina auna ruwa da hannu ina gwadawa da na na'ura, kafin ta yarda in taɓa aikin mutane.

Jakata ga ta nan, ku buɗe ku gani. Ƙarfen narka dalma, mita, salatif, sukudireba, ƙananan batura irin na agogo, da wani tsohon buroshin haƙori. Kada ku raina buroshin nan. Akwai wata na'ura da na dasa kusa da Bagauda da ta yi kwana huɗu tana ba da awo ɗaya tak, ruwa bai ƙaru ba bai ragu ba. Na kwance manhajar layi-layi ban ga laifinta ba. Da na hau babur na je, sai na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka daidai kan idon na'urar, ita kuma baiwar Allah tana ta auna bangon gidan zanzaro tana aika wa Turawa.

Aikin da ya fi ba ni nishaɗi shi ne na wata rijiyar burtsatse a gefen Falgore, inda makiyaya ke shayar da shanu. Kullum awo na shigowa lafiya, amma duk ranar kasuwa sai ya yanke daga hantsi zuwa la'asar. Na zargi sabis, na zargi sola. Ranar kasuwa ta zagayo na je na zauna a inuwa. Sai ga mutane suna zuwa da wayoyinsu, a cire wayar na'urata daga batir, a jona caja, a wuce kasuwa, in an dawo a mayar mini da ita tsaf yadda take. Wani dattijon Bafulatani ya gan ni ya ce, "Jam, Malam. Naka ne? Allah Ya saka, wutar nan tana da ƙarfi." Me zan ce? Na amsa da amin. Mako na gaba na kawo batir babba da soket mai baki huɗu na kafa musu a waje. Tun daga ranar awo bai sake yankewa ba, kuma ba na barin wurin sai da ƙwaryar kindirmo.

Akwai kuma wani Alhaji mai sito na masara a Doguwa da na sa wa na'urar danshi. Da na ce awonsa zai riƙa taruwa a rumbu, sai ya ɓata rai ya ce, "Rumbun wa? Ƙwari ba sa shiga?" Yau shi ke kira na in layin danshi ya ɗaga a wayarsa, yana koya mini karatunsa.

To mu koma kan maganar dattijon nan.

A wani ƙauye a ƙasar Bebeji akwai ƙungiyar manoman rani da ke shan ruwa daga magudana ɗaya. Magudanar ta rabu biyu a wata ƙofar ƙarfe: hannu ɗaya na zuwa gonakin sama, ɗaya na gangarawa gonakin ƙasa. Tun kafin a san za a yi wata aba wai ita kwamfuta suke da tsarinsu, kuma ba da agogo suke lissafi ba. Daga asuba zuwa azahar ruwa na mutanen sama ne. Da an idar da azahar sai a juya ƙofa, ya koma na mutanen ƙasa har magariba. Makullin ƙofar, wani ƙarfe mai kai kamar na juya injin niƙa, yana hannun Baba Ilu. Shekarunsa da makullin sun fi na wasu manoman a duniya. Yakan bi jam'i a ɗan masallacin bakin hanya, ya yi sallama, ya saɓa makulli ya taka zuwa ƙofa shi kaɗai. Ba a taɓa bin sa ba, don ba a taɓa ganin dalili ba.

Ni na dasa musu na'ura ɗaya mai ido a kowane hannu na magudanar, tana auna tsayin ruwa. In an juya ƙofa, sai ka ga layin sama ya faɗi na ƙasa ya tashi, da lokacin a rubuce. Shugaban ƙungiya, Alhaji Mati, yana gani a wayarsa. Shekarar farko ruwa ya wadata, ba wanda ya damu da allon sai don a nuna wa baƙi. Baba Ilu kuwa in ya gan ni sai ya ce, "Habu, ya akwatinka? Ya kwana lafiya?"

Sai shekarar da damina ta yi gardama ta zo. Ruwan dam ya ja baya, abin da ke zuwa magudana ya zama siriri. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tumatirin mutanen ƙasa ya fara sunkuyar da kai, don ruwan ba ya isa gonakinsu sai rana ta yi sanyi. Wani manomi mai suna Tanimu, wanda gonarsa ce ta ƙarshe, ya je wurin Alhaji Mati ya ce a duba masa allon nan. Aka duba. Kullum allo na cewa an juya ƙofa ƙarfe uku da 'yan mintuna. Su kuwa a garin ƙarfe biyu ake tayar da azahar. Awa guda ke nan ta ruwan mutanen ƙasa tana tafiya sama, kullum, fiye da wata guda. Kuma kowa ya san gonar ƙanin Baba Ilu tana sama.

Alhaji Mati ya kira ni ranar Talata. "Malam Habu, na'urarka tana ƙarya?"

Na ce, da bakin nan nawa, "Alhaji, na'ura ba ta da ƙani a gonar sama. Abin da ta gani take faɗa."

Ya ce, "To ranar Juma'a bayan masallaci za mu zauna. In haka ne, sai dai a karɓi makullin."

Na kashe waya ina jin kaina wani babban shaida. Amma maganar Injiniya ta sanda da littafi ta ƙi barina. Ranar Laraba na hau babur na tafi. Na tarar da Baba Ilu a gindin mangwaro yana gyara igiyar guga. Na durƙusa na gaishe shi.

"Barka da hutawa, Baba."

"Barka kadai, Habu. An ce akwatinka ya kai ƙarata."

Bai nuna fushi ba, sai dai bai tambaye ni ko akwatin ya kwana lafiya ba, kuma wannan ya dame ni fiye da zagi.

"Baba, ko dai wani lokaci akan tsaya gaisawa bayan salla?"

"Akan tsaya. Amma ni ba na tsayawa, akwai ruwan mutane a wuyana. Ga shi an kusa kira. Yi alwala mu je, ka gani da idonka."

Muka bi jam'i. Liman na yin sallama Baba ya shafa addu'a, ya saɓa makulli, na bi shi a baya ina haki, tsoho yana gaba kamar an biyo shi. Ya ɗora makullin, ya yi bisimilla, ya juya. Ruwa ya karkata ƙasa. Na dubi agogon hannuna: biyu da kwata. Na rubuta a tafin hannu da biro. A raina na ce, ai yau don ya ga ina nan ne.

Na'urar wurin ba ta samun sabis sai in yamma ta yi, lokacin ne take tura damin awonta na yini. Na zauna a shagon mai shayi har la'asar sakaliya, awon ya shiga, na buɗe allo. Uku da kwata. Na dubi tafin hannuna, na dubi allo, na sake duban tafin hannuna.

A nan take na tuna. Rumbun nan da agogon duniya yake aiki, wanda ke bayan namu na Najeriya da awa ɗaya. Kowane awo da agogon duniya ake tura shi, in za a nuna wa mutum a allo sai manhaja ta ƙara awa ɗaya ya zama lokacin gida. Sauran na'urorina daga intanet suke karɓar lokaci, daidai yadda rumbu ke so. Amma ta ƙofar Baba, saboda rashin sabis, ɗan agogo na sa mata a ciki mai ƙaramin batir. Farkon rani batirin ya mutu, na zo na canja, na saita agogon. Da me na saita shi? Da agogon hannuna, irin yadda na saba yi wa mutane tun ina gyaran rediyo. Na ba ta lokacin gida, ta tura a matsayin na duniya, allo kuma ya ƙara awa ɗaya a kai. Da a take take turawa, da rumbu ya ƙi karɓa ya ce wannan lokacin bai zo ba tukuna, da na gani. Amma kafin ta samu sabis da yamma lokacin ya riga ya wuce, sai rumbu ya karɓa bai ce uffan ba. Ruwan kuwa da ke makara a gonar Tanimu, ƙarancinsa ne ya sa yake rarrafe a hanya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ni ne na sa shi a wuyan bawan Allah.

Na kira Injiniya Rakiya na faɗa mata. Ta ce, "Gyaran manhajar minti biyar ne, Yaya Habu. Ɗayan gyaran fa?"

Na gane abin da take nufi. Ina iya gyara agogo, in sake rubuta tsofaffin awon da lokacinsu na gaskiya, Alhaji Mati ya buɗe waya ya ga biyu da kwata, a ce allo ne ya yi tangarɗa ya warke. Amma maganar ta riga ta zaga gari, kuma da bakina na ƙarfafa ta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ban taɓa komai ba, na bar allon da ƙaryarsa har Juma'a.

Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Mati. Manoman sama a gefe, na ƙasa a gefe. Baba Ilu ya zo da makullin, ya ajiye shi a tsakiyar tabarma tun kafin a tambaye shi, ya koma ya zauna. Na nemi izini na miƙe.

Na ce, "Jama'a, yau ma an juya ƙofa?"

Aka ce a'a, yau Juma'a, sai an tashi daga nan.

"To ina roƙon kowa ya taso mu je tare. Mai agogo ya riƙe agogonsa."

Aka ɗunguma. Baba ya juya ƙofa kowa na kallo, masu agogo suka faɗi lokaci. Na buɗe akwatin, na jona kwamfutata, na nuna wa Alhaji Mati da Tanimu agogon cikin na'urar, daidai da nasu. Sannan na jona mata sabis ɗin wayata ta tura awon a gabansu. Rumbu ya ƙi karɓa, ya dawo da amsa, na fassara musu: wai lokacin da ke jikin awon nan bai yi ba tukuna, saura awa guda.

Na ce, "Kun gani. Kullum awa ɗaya take ƙara wa Baba, kuma ni na saita ta haka da hannuna. Baba bai ci ruwan kowa ba. Ni na yi kuskure, na kuma ƙara da rantsuwa a kan abin da ban duba ba. Baba, ka yafe mini."

Tanimu ne ya fara motsi. Ya cire hularsa, ya je gaban Baba ya durƙusa har ƙasa. Baba ya kama kafaɗarsa ya ce, "Tashi, Tanimu. Wanda tumatirinsa ke mutuwa ba a kama shi da laifin magana." Sannan ya juyo gare ni, ya daɗe yana kallona, har na fara tunanin inda zan sa kaina.

"Habu, akwatin nan naka yana salla?"

"A'a, Baba."

"To ina zai san azahar?"

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Alhaji Mati ya ɗauki makullin da hannu biyu ya miƙa masa. A zaman nan kuma mutanen sama, don kunya ko don Allah, suka ce a riƙa juya ƙofa tun kiran farko har ruwa ya dawo. Tumatirin Tanimu bai yi yadda ya so ba, amma ya kai kwanduna kasuwa, ya kuma aiko mini da ɗaya har shago.

Washegari na gyara agogon, na sa manhajar ta riƙa gwada shi da na intanet duk sanda ta samu sabis, na bi tsofaffin awon na mayar da kowanne lokacinsa. Wannan ne 'yan layukan da kuka gani kuka ce shi ke nan. Shi ya sa duk wanda zai dasa na'ura da sunan shagon nan sai ya yini a wurin, ya ga abu ya faru da idonsa, ya rubuta lokacin a tafin hannu, ya jira ya ga allo ya faɗi daidai. Wanda ya ga wahala ce, ga shagon gyaran waya nan a gaba.

Baba Ilu yana nan, ya ƙara tsufa, tafiyar ta ragu amma makullin na kafaɗarsa. Watan jiya na bi ta wurin da rana, na same shi ya ɗora makulli zai juya. Ya ɗago ya gan ni, ya tsaya da hannu a kan ƙarfen.

"Habu, tambayi akwatinka, azahar ta yi?"

Na duba wayata na ce, "Ta yi, Baba. Biyu da kwata."

Ya ce, "Madalla, ya fara hankali." Ya yi bisimilla, ya juya, ruwa ya gangara ƙasa.